Rufi Kafin Ado: Manyan Salon Gini a Tarihi da Abin da Ya Haife Su

Tsakure

Maƙalar ta bi manyan salon gini daga Masar ta Fir'aunoni zuwa zamanin ƙarfe da siminti, tana neman abin da ya sa kowanne ya ɗauki siffar da aka san shi da ita. Ra'ayin da take karewa shi ne yawancin alamomin da ake gane salo da su sun fito ne daga dabarar ɗora rufi a kan fili mai faɗi da kayan da ke kusa da magini. A kan wannan ma'auni ta ɗora ginin ƙasa na Hausa da na maƙwabtansa.

Gabatarwa



Ɗalibin da ya zauna ajin tarihin gine-gine yakan fito da jerin sunaye a kai: na Masar, na Girka, na Roma, Gotik, Barok, na zamani. Kowane suna da alamominsa da zai haddace saboda jarrabawa. Hakan yana taimakawa wajen gane gini a hoto, amma bai gaya wa ɗalibi dalilin da ya sa tagar Gotik ta yi tsini, ko abin da ya cika haikalin Masar da ginshiƙai har mutum ba ya hango ƙarshen ɗaki.

Tayar da bango ba wuya. Duk al'ummar da ta san ƙasa da dutse ta iya shi. Wahalar tana sama, wurin rufe filin da zai ɗauki jama'a ba tare da rufin ya rufto musu ba. Ban musa cewa addini da sarauta da dukiya suna da hannu a siffar gini ba. Su ne suke faɗin abin da ake so. Amma dutse da itace da ƙasa su ne suke faɗin abin da zai yiwu, kuma a tsakanin abin da ake so da abin da zai yiwu salo yake fitowa. Akwai zamunan da wannan ra'ayi bai yi musu daidai ba, zan nuna su idan mun iso.

Dutse a kan dutse

Dutse yana da hali ɗaya da ya mallaki tarihin gini na dubban shekaru. Yana jure danniya ƙwarai, amma ba ya jure ja. Idan aka gicciya doguwar faifan dutse a kan ginshiƙai biyu, samansa yana matsewa, ƙasansa yana miƙewa, kuma daga ƙasan zai tsage. Saboda haka tazarar da ke tsakanin ginshiƙi da ginshiƙi ba ta wuce 'yan mitoci.

Babban zauren haikalin Karnak, wanda aka yi a zamanin Seti na Ɗaya da ɗansa Ramsis na Biyu a ƙarni na 13 kafin Miladiyya, shi ne shaidar wannan. Faɗinsa ya kai murabba'in mita 5,000, amma ginshiƙai 134 ne a tsaye cikinsa, 12 na tsakiya kowanne ya kai mita 21 a tsawo. An ɗaga na tsakiyar ne don a samu tagogi a sama, haske ya ɗan sauko. Nauyi da duhu da cunkoson ginshiƙai da ake cewa su ne halin ginin Masar, rabinsu nufin firistoci ne, rabinsu kuma iyakar dutse ce. Dalar Giza kuwa, wadda ta kai mita 146 lokacin da aka gama ta wajajen 2560 kafin Miladiyya, kusan tudun dutse ce cunkus. Ɗakunan cikinta ƙanana ne idan aka kwatanta da girmanta.

Girkawa ba su sauya dabarar ba, sai dai sun tace ta har ta kai matuƙa. Haikalin Fartenon na birnin Atina, wanda aka soma a 447 kafin Miladiyya ƙarƙashin magina Iktinos da Kallikrates, yana da ginshiƙai 8 a gaba, 17 a kowane gefe. Da wuya a samu miƙaƙƙen layi a jikinsa. Dandamalin da ya zauna a kai ya ɗan yi tozo a tsakiya, ginshiƙan sun ɗan kumbura a ciki, sun kuma ɗan karkata zuwa cikin ginin. Duk wannan wahala a waje aka sha ta, domin ibadar Girkawa a waje ake yin ta, a gaban bagadi. Cikin haikali ɗakin gunki ne da ajiyar dukiya. Wanda bai iya rufe babban fili ba, kuma bai buƙace shi ba, dole hankalinsa ya koma kan fuskar gini. Daga nan aka samu tsare-tsaren ginshiƙi uku da Turai ta yi ta maimaitawa: Dorik mai kauri da kai mara ado, Ayonik mai kai naɗaɗɗe, da Korintiya mai ganyaye.

A can gabas, Sin ta bi wannan hanya ta ginshiƙi da gicci, amma da itace, wanda yake jure ja. Magininsu ya ƙirƙiro tarin ƙananan katakai masu shiga juna a kan ginshiƙi, suna miƙa rufi waje nesa da bango don ruwa kada ya taɓa itacen. Bango ba ya ɗauke da komai, kuma idan ƙasa ta girgiza sai mahaɗan su motsa su koma. Babban zauren haikalin Foguang na shekarar 857 yana nan tsaye har yau. Fiffiken rufin nan da ake gane ginin Sin da Jafan da shi ke nan asalinsa.

Baka da ƙubba

Baka ita ce amsar matsalar dutse. Idan aka jera duwatsu masu siffar tsini-ƙasa a lanƙwashe, kowanne yana danne na kusa da shi, babu wanda ake ja. Farashin wannan dabara shi ne baka tana tura bangon da ta zauna a kai zuwa waje. Daga nan har ƙarni na 19, tarihin ginin Turai da Gabas ta Tsakiya kusan tarihin yadda aka yi da wannan turi ne.

Ba Romawa suka ƙago baka ba, mutanen Iraƙi ta dā sun riga su. Iwanin Kisra da ke Mada'in, wanda littattafan sira suke ambaton tsagewarsa, baka ce ɗaya ta jan bulo mai faɗin kimanin mita 25. Abin da Romawa suka ƙara shi ne kankare. Sun gano cewa tokar dutse mai aman wuta da ake haƙa a yankin Pozzuoli, idan aka kwaɓa ta da farar ƙasa da ɓaraguzan dutse, tana daskarewa har cikin ruwa. Da ita aka zuba ƙubbar haikalin Fantiyon na Roma wajajen shekarar 125, zamanin sarki Hadriyan. Faɗinta mita 43.3, babu ƙarfe ko ɗaya a cikinta, kuma har yau ba a zuba ƙubbar kankare mara ƙarfe da ta fi ta ba.

Yana da kyau a tsaya a kan yadda aka yi ta. A gindi kaurinta ya kai mita 6, tana sirancewa har ta koma kimanin mita 1.2 a sama. Dutsen da aka kwaɓa a ƙasa mai nauyi ne, na sama kuwa dutse ne mai kumfa, mara nauyi. Ramukan murabba'i da aka jera a cikinta, waɗanda baƙo yake ɗauka ado ne, suna rage kayan da aka zuba. A ƙololuwa, inda nauyi ya fi haɗari, sai aka bar rami mai faɗin kusan mita 9, shi ne kuma kaɗai tagar ginin. A nan cikin gini ya fi wajensa muhimmanci. Ginshiƙan Girkawa kuwa Romawa ba su yar da su ba, sai suka manna su a jikin bango, kamar yadda ake gani a filin wasa na Kolosiyam, inda bakunkuna ke ɗauke da nauyi, ginshiƙan kuma suna tsaye don kwalliya.

Ƙubba kamar ƙwarya ce da aka kife: bakinta zagaye ne, tana son ta zauna a kan abu zagayayye. Fantiyon ɗaki ne mai zagaye, saboda haka ba matsala. Amma yaya za a kife ta a kan ɗaki mai kusurwa huɗu? Rumawan gabas ne suka ba da amsa mafi ƙarfi a Aya Sofiya ta birnin Kustantiniya, wadda sarki Justiniyan ya sa aka gina daga 532 zuwa 537. Maginanta biyu, Anthemius da Isidore, masana lissafi ne. Suka tayar da manyan bakunkuna huɗu, suka cike tsakaninsu da alwatika masu lanƙwasa har bakin ya zama da'ira, sannan suka ɗora ƙubba mai faɗin kimanin mita 31, da tagogi 40 a gindinta. Sun yi ganganci, domin ƙubbar farko ba ta da zurfi, turinta ya yi yawa, kuma bayan girgizar ƙasa ta rufta a 558. Da aka sake ta sai aka ƙara mata tsawo kimanin mita 6. Wadda ake gani yau a Istanbul gyararriya ce, kuma manyan tokaran da suka kewaye ginin daga waje an yi ta ƙara su ne cikin ƙarnoni.

Sahu da abin da ya nema

Masallacin Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, a Madina da tubalin ƙasa aka yi shi, ginshiƙansa kututturan dabino, rufinsa ganyen dabino. Buƙatar salla ta bambanta da ta coci. Coci doguwa ce, jama'a na fuskantar bagadi daga nesa. Salla kuwa sahu take so, mai faɗi, a layi ɗaya da bangon alƙibla. Saboda haka masallatan farko suka zama zaure mai faɗi da ginshiƙai jere, wanda za a iya ƙara masa layi duk lokacin da gari ya ƙaru.

Masallacin Ƙurɗuba, wanda Abdurrahman na Ɗaya ya soma a 785, an yi ta faɗaɗa shi haka har shekara ɗari biyu. Ginshiƙansa na farko daga tsofaffin gine-ginen Romawa da na Bisigot aka kwaso su, kuma gajeru ne, da an ɗora rufi a kansu kai tsaye da zauren ya yi ƙasa ya yi duhu. Sai magini ya ɗora baka a kan baka, hawa biyu, yana sassaɓa jan bulo da farin dutse. Abin da duniya take zuwa kallo a yau gyaran gajartar ginshiƙi ne. A ƙarin da Alhakam na Biyu ya yi bayan 961 kuma an ga ƙubbobi masu haƙarƙari da ke gicciye juna, fiye da shekara ɗari kafin haƙarƙarin rufi ya bayyana a cocin Durham ta Ingila. Baka mai tsini ma tana jere a masallacin Ibn Tulun na Alƙahira tun 879, kuma masana da yawa suna ganin ta hanyar Sisili da kudancin Italiya ta shiga Turai.

Daular Usmaniyya ta ɗauki wata hanyar. Bayan ta ci Kustantiniya a 1453 maginanta sun samu Aya Sofiya a gabansu kullum, ta zama abin koyi kuma abin gasa. Magini Sinan ya kai wannan gasa ƙarshe a masallacin Salimiyya na Edirne, wanda aka gama wajajen 1575: ƙubba mai faɗin mita 31 a kan ginshiƙai takwas da aka tura gefe, har duk mai salla yana ganin mihrabi. Rubutun Larabci da zanen lissafi da ke rufe bango su ne abin da ido ke fara kamawa a ginin Musulmi, kuma dalilinsu na addini ne, wato ƙin sura. Wannan ɓangare ra'ayina bai bayyana shi ba, ban kuma ce ya bayyana ba.

Gotik

Coci-cocin Turai na ƙarni na 11 sun gaji bakar Romawa mai rabin da'ira. Rufin dutse irin wannan yana tura bango tun daga farkonsa har ƙarshensa, don haka bangon ya zama mai kauri, tagogi ƙanana, ciki duhu. Wannan shi ne salon da ake kira Romanesk.

Gotik haɗuwar dabaru uku ce da babu wadda aka ƙaga dominta. Baka mai tsini tana tura nauyi ƙasa fiye da gefe, kuma ana iya ɗaga ta ko a rage ta ba tare da an sauya faɗinta ba. Haƙarƙarin dutse yana tattara nauyin rufi ya kai shi wurare ƙididdigaggu, maimakon ya bazu a bango duka. Sannan a daidai waɗannan wurare, daga waje, sai a kafa tokari mai tsallake, wato rabin baka da ke karɓar turin ta miƙa shi ga wani ƙaton ginshiƙi da ke tsaye nesa da ginin. Idan aka yi haka bango ya rasa aikin yi, sai a fasa shi a sa gilashi mai launi. An fara ganin wannan salo a cocin San Deni kusa da Faris, wadda shugabanta Suger ya sake ginawa aka keɓe ta a 1144. Shi haske yake nema, don a aƙidarsa haske alamar Ubangiji ce, magina kuma suka samo masa hanya.

Daga nan biranen arewacin Faransa suka shiga rige-rigen tsawo. Rufin Amiyan ya kai mita 42. Na Bobe ya kai 48, wani ɓangarensa ya faɗo a 1284, hasumiyar da aka ƙara masa daga baya ita ma ta zube a 1573, kuma har yau cocin ba a gama ta ba. Waɗannan magina ba su da lissafin ƙarfin kaya irin na injiniyan yau. Da ma'aunin kusurwa da igiya da abin da suka gada daga iyayen gidansu suke aiki, ginin da ya rushe kuma shi ne makarantarsu. A ganina Gotik ita ce salon da ya fi kowanne fitar da ƙashinsa fili. Har ƙananan hasumiyoyi masu tsini da ke kan tokarai nauyi ne da aka ɗora don a danne turi. Gobarar cocin Notre-Dame ta Afrilun 2019 ta nuna wani abu da baƙi ba su cika sani ba: rufi biyu ne, na katako a sama, na dutse a ƙasa. Na katakon ya ƙone, na dutsen ya huje a wasu wurare amma yawancinsa ya tsaya.

Inda ra'ayin ya raunana

Cocin Fulorans ta daɗe da ƙaton rami a samanta, mai kusurwa takwas, faɗin kimanin mita 45, don babu katakon da zai isa a kafa tallafin da za a ɗora ƙubba a kai. Filippo Brunelleschi, wanda asalinsa maƙerin zinariya ne, ya rufe shi tsakanin 1420 da 1436 ba tare da wannan tallafi ba. Ya yi ƙubba biyu, wata cikin wata, ya jera bulo a karkace yadda kowane zagaye zai riƙe kansa kafin a ɗora na gaba, ya kuma ɗaure ta da sarƙoƙin dutse da na katako.

Bayan shi kuwa, kusan shekara ɗari huɗu Turai ba ta ƙara wata babbar dabarar rufi ba, amma salo ya yi ta sauyawa. Zamanin Farfaɗowa ya koma ga littafin Vitruvius da kangayen Roma yana neman daidaito, littafin Palladio na 1570 kuma ya raba wa duniya wannan daidaito a takarda. Barok ta zo da lanƙwasa da zinariya da ruɗin ido, lokacin da cocin Katolika ke neman jawo zukata bayan ɓallewar Furotesta. A cocin Sant'Ignazio ta Roma, da ƙubba ba ta samu ba, sai Andrea Pozzo ya zana hotonta a shimfiɗaɗɗen silin a 1685. Ƙubbar majalisar dokokin Amurka, wadda aka gama a shekarun 1860, baƙin ƙarfe ce da aka shafa wa farin fenti don ta yi kama da dutse. A waɗannan ƙarnoni littafi da siyasa da son burga ne ke jan salo. Sai dai a lura cewa lokacin ne kuma mai zana gini ya rabu da mai ɗora dutse, ya koma ofis.

Ƙarfe, siminti, gilashi

Ƙarfe yana jure ja, kuma da zuwansa iyakar da ta ɗaure magini tun daga Karnak ta kwance. Gadar ƙarfe ta farko a Ingila an kafa ta a 1779. A 1851 Joseph Paxton, mai kula da lambu, ya haɗa Fadar Gilashi ta Landan da ɓangarorin da aka ƙera a masana'anta, tsawonta ya haura mita 560, cikin watanni. A baje kolin Faris na 1889, wanda aka yi wa hasumiyar Eiffel, zauren injuna ya rufe faɗin sama da mita 110 babu ginshiƙi a tsakiya. A Shikago kuma, daga 1885, aka soma rataya bango a jikin ƙashin ƙarfe, lif ya sa hawa na goma ya zama wurin zama. Kankare mai rodi ya haɗa halayen biyu: siminti ya ɗauki danniya, rodi ya ɗauki ja.

A 1914 mai zanen gini Le Corbusier ya zana wani ɗan hoto: dekin uku, fila shida, da matakala, babu bango. Duk wanda ya bi bayan garin Kano ko Yamai ya ga benen da ba a gama ba ya ga wannan hoto a tsaye. Makarantar Bauhaus ta Jamus, wadda aka buɗe a 1919 aka rufe a 1933, ta mayar da wannan tunani manhaja: rufi shimfiɗaɗɗe, farin bango, doguwar taga, babu ado. A baje kolin New York na 1932 aka ba shi suna salon ƙasa da ƙasa, kuma sunan ya faɗi gaskiya. Wannan ne salo na farko da bai tambayi garin da zai zauna ba. Akwatin gilashi ɗaya ake kafawa a Toronto da Dubai da Abuja, na'urar sanyaya ɗaki ce take biyan bashin. Har gidan Savoye da Le Corbusier ya gama a 1931, wanda ake koyarwa a kowace makarantar zanen gini, yoyo ya dami masu shi.

Wasu sun lura da wuri. Maxwell Fry da Jane Drew, da suka zana gine-ginen jami'ar Ibadan a shekarun 1950, sun rufe fuskar ɗakin karatu da tagar kankare mai huji-huji don iska ta wuce rana ta tsaya. Abin da ya biyo bayan salon zamani daga shekarun 1970, na manna tsofaffin alamu a jikin ƙashin ƙarfe, ban ga abin da ya ƙara ga zancenmu ba.

Ƙasa da azara

Littattafan tarihin gini sukan ba Afirka ta yamma shafi ɗaya, su sa hoton masallacin Jenne, wanda ginin yanzu na 1907 ne, su wuce. Idan aka auna da ma'aunin rufi, yankin ya cancanci fiye da haka, musamman ƙasar Hausa.

Magini a nan ba shi da dutsen sassaƙa, ba shi da dogon katako. Yana da jar ƙasa da yake murza tubali da ita, yana da azara da ake tsagawa daga giginya, wadda gara ba ta cika ci ba. Azara ɗaya, idan aka ɗora mata nauyin ƙasa, ba ta tsallake fiye da kusan mita 2. Wannan ita ce iyakarsa, kuma faɗin tsohon soro da shigifa daga nan ya fito. Don ya wuce ta sai ya fito da azara daga jikin bango hawa-hawa, kowane hawa ya ɗan fi na ƙasa leƙowa, yana ɗaurewa da igiya yana lulluɓewa da ƙasa, daga ɓangarori biyu, har su haɗu a sama. Wannan shi ne bakan gizo. A ido ya yi kama da bakar Romawa, amma aikinsa daban ne, domin azarar da ke ciki tana ɗaukar ja, ƙasar tana ɗaukar danniya, wato tunanin da ke cikin kankare mai rodi. Idan bakunkuna suka gicciye juna aka samu ɗaurin guga, sai a shimfiɗa gajerun azara a tsakaninsu, a ɗora tulluwa, sau da yawa a kafa tasa a inda suka haɗu. Tsohon masallacin Juma'a na Zariya, aikin Babban Gwani Muhammadu Durugu a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarim, wajajen shekarun 1830, shi ne inda wannan fasaha ta kai ƙololuwa, kuma duk wanda ya duba yadda bakunkunansa ke tashi daga ginshiƙai su rarrabu a sama zai ga mutumin da ke tunani da rufi.

Sauran alamomin ma yawancinsu aiki ne. Rawanin soro yana kare bakin rufi, indararo yana jefa ruwa nesa da bango, makuba da laso suna hana ruwa shiga. Itatuwan da suka fito daga jikin hasumiyar Agadas mai mita 27, da na Jenne, matakan mai yaɓe ne da aka bari a jikin gini. Kaurin bango yana riƙe zafin rana har dare, shi ya sa zaure ke da sanyi da azahar a watan Afrilu.

Ba na cikin masu kuka don an bar ginin ƙasa, domin waɗanda suka bar shi suna da hujja. Yana son yaɓe bayan kowace damina. A Jenne gari ne ke fitowa gaba ɗaya a yi shi a rana ɗaya kamar biki, amma a unguwar da gayya ta mutu, kuɗin lebura ne, kowace shekara. Giginya ta yi ƙaranci, kuma tana ɗaukar shekaru masu yawa kafin ta isa sara. Bulo da kwano sun yi nasara ne saboda suna ƙyale mai gida ya huta, ko da ɗakin zai zama tanda. Sai dai siminti yana da nasa bashin, don masana'antarsa na fitar da kusan kashi 8 cikin 100 na iskar kabon da ɗan Adam ke fitarwa.

Ayyukan da suka fi jan hankalina su ne waɗanda suka tunkari matsalar yaɓe kai tsaye. Falke Barmu ya soma masallacin Yama a jihar Tawa a 1962, da ƙasa, ya kuma samu lambar Aga Khan a 1986, abin da ya nuna fasahar ba ta mutu da Babban Gwani ba. A Dandaji, Mariam Issoufou Kamara da Yasaman Esmaili sun mayar da tsohon masallaci ɗakin karatu, suka gina sabo da bulon jar ƙasa da aka matse da inji, aka gama a 2018. A Gando ta Burkina Faso, Francis Kéré, wanda ya karɓi lambar Pritzker a 2022, ya gina makarantar firamare a 2001 da bulon ƙasa mai ɗan siminti, ya ɗaga kwano sama da silin a kan saƙar rodi, ya kuma miƙa shi waje sosai. Kwanon yana kare bango daga ruwan sama, iska tana ratsa tsakaninsa da silin ta kwashe zafi, kuma mutanen ƙauyen ne suka haɗa rodin da hannunsu ba tare da an kawo injin ɗaga kaya ba.